Gina Wurin Ninƙaya Domin Yara da Matasa Masu Nakasa: Abin da Ya Kamata a Fara Aunawa a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda za a tsara wurin ninƙaya da yara da matasa masu nakasa za su iya shiga da fita cikin mutunci, ta ɗauki Kano da garuruwa masu irin yanayinta a matsayin fagen nazari. Ta bi tarihin amfani da ruwa wajen ƙarfafa jikin masu nakasa, ta auna ƙa'idojin gini na Amurka da Ingila da yanayinmu na zafi, hunturu, ƙarancin lantarki da tsarin zamantakewa. Matsayarta ita ce ƙaramin kwami mai ɗumi, mara zurfi, mai gangara, wanda aka jingina da makaranta ko asibiti, ya fi babban kwamin gasa amfani ga waɗannan yara, kuma kuɗin kula da shi ya fi kuɗin gina shi muhimmanci.

Gabatarwa

A ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Tun kafin nan Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, wadda sashenta na 30 ya ambaci wasanni da shaƙatawa ƙarara. Ke nan ta fuskar doka babu sauran muhawara. Abin da ya rage na magina ne da masu zanen gini da masu riƙe da lalitar gwamnati.

Sai dai duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran gine-gine, hankali yakan tafi ga asibiti da kotu da banki da masallaci. Wurin ninƙaya yana can ƙarshen layi, in ma an tuna da shi. Wani zai ce mutumin da bai sami keken zuwa makaranta ba, ina shi ina iyo? Tambayar tana da nauyi, kuma ita ce zan fara amsawa kafin in shiga lissafin siminti da famfo.

Abin da ruwa yake yi wa jiki

Idan mutum ya tsaya cikin ruwa iya kugu, ƙafafunsa suna ɗauke da kusan rabin nauyinsa ne kawai. In ruwan ya kai wuya, abin da ya rage a kansu bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. Yarinyar da shan-inna ta shanye wa ƙafa, wadda a tudu sai da sanda ko da rarrafe, tana iya miƙewa tsaye a cikin ruwa, ta taka, ta juya, ba wanda ya riƙe ta. Yaron da lalurar ƙwaƙwalwa ta sandarar wa da gaɓoɓi tun haihuwa, ruwa mai ɗumi yana sassauta masa jijiya har likitan motsa jiki ya iya miƙar da hannun da a kan gado ya ƙi miƙuwa. Ruwa kuma yana turje wa motsi ta kowace fuska, don haka tsoka tana aiki ba tare da gwiwa ko ƙugu sun sha duka ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Franklin Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921, ya je maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Warm Springs a jihar Jojiya a 1924, ya ga yana iya motsin da ba ya iyawa a tudu, har ya kafa cibiyar masu shan-inna a wurin a 1927, kafin ya zama shugaban Amurka. A Landan kuma, a 1949, wani injiniya mai suna James McMillan ya fara koya wa 'yan mata masu nakasa iyo a makarantar Halliwick. Hanyar da ya fito da ita, mai matakai goma, har yau da sunan makarantar ake kiranta. Abin sha'awa a cikinta shi ne ba ta dogara da robar da ake hura wa iska. Malami ɗaya ne da yaro ɗaya, malamin yana rage tallafinsa kaɗan-kaɗan har yaron ya koyi sarrafa numfashinsa da juyawar jikinsa. Wannan ya dace da mu, domin mutane muke da su, kayan aiki ne suka yi mana ƙaranci.

Akwai kuma maganar rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba mu manta da kifewar kwale-kwale a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A ƙasar da ambaliya take cin gidaje kusan kowace damina, yaron da ba ya iya gudu shi ya fi kowa bukatar ya san yadda zai kwanta rigingine a kan ruwa ya jira taimako. Magabata ma sun ruwaito daga Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo, ban kuwa ga inda aka ware gurgu ko makaho ba.

A yanzu yaranmu a kududdufi da rafi suke koyon iyo, su kwaso tsargiya. Mai nakasa ko wannan ɗin ma bai samu ba, yana bakin gaɓa yana gadin rigunan abokansa.

Ƙa'idojin waje da inda suka gaza mana

Ƙa'idojin gini na Amurka na 2010, waɗanda aka fitar ƙarƙashin dokar masu nakasa ta 1990, sun yi bayani dalla-dalla. Kwamin da kewayen bangonsa ya kai ƙafa 300, wato kimanin mita 91, dole ya kasance da mashiga biyu ta masu nakasa. Wanda bai kai haka ba, ɗaya ta isa. A kowane hali babbar mashigar ko dai kujera ce mai inji da ke ɗaga mutum ta saka shi a ruwa, ko kuma gangara. Kujerar dole ta iya ɗaukar kilo 136, kuma mai amfani da ita ya iya sarrafa ta da kansa. Gangarar kada ta fi saukar mita ɗaya a cikin kowace mita goma sha biyu, ta ƙare a zurfin santimita 61 zuwa 76. A Ingila, tun 2006 aka fara fafutukar samar da banɗaki mai faɗin murabba'in mita goma sha biyu, mai gadon sauya wa babba kaya da na'urar ɗaga mutum, domin waɗanda banɗakin masu nakasa na yau da kullum bai ishe su ba.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani, bai kamata mu ɓata lokaci muna sake ƙirƙiro su ba. Amma an rubuta su ne da wani irin jiki da wani irin keke a zuciya. Mai nakasar da suke hange yana kan keke mai ƙafa huɗu wanda ke juyawa a fili mai faɗin mita ɗaya da rabi, ya zo a mota, akwai lantarki dare da rana, akwai kamfanin da zai zo gyara in an kira shi.

Namu fa? Kano ta sha fama da shan-inna, musamman bayan dakatar da rigakafi a 2003, kuma duk da an tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, yaran da ta kama a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau. Da yawansu keke mai ƙafa uku suke hawa, mai tuƙin hannu, irin wanda ƙungiyar masu shan-inna ta Kano take ƙerawa. Wannan keke ya fi na Turawa tsawo nesa ba kusa ba, ba ya juyawa a lungu, ba ya shiga ɗakin sauya kaya. Wasu a kan katako mai taya suke. Wasu kuma da hannu suke tafiya, sun zura tafinsu a silifa. Ga wanda yake tafiya da hannu, daɓen bakin kwami ba wurin taka ƙafa ba ne, wurin da tafin hannu da gwiwa suke gogawa ne. Daɓen siminti da rana ta dake shi a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kai maki 40, yana iya ƙona fata, kuma wanda ba ya jin ƙafarsa saboda raunin laka ba zai san ya ƙone ba sai ya ga bororo. Babu ƙa'idar Amurka da za ta gaya wa mai zane wannan. Sai ya zauna da yaran ya ga yadda suke motsi.

Saboda haka mashigar wurin tana bukatar rumfar ajiye kekuna masu ƙafa uku dab da ƙofa, da kekunan roba na cikin gida waɗanda ba sa tsatsa, mutum ya sauka daga nasa ya hau na wurin, ya shiga da shi ɗakin wanka, ya gangara da shi har cikin ruwa. Hanyar daga ƙofa zuwa ruwa ta kasance a inuwa, ba tudu ko na yatsa ɗaya, da tayil mai kaushin da zai hana santsi amma ba zai goge gwiwa ba.

Gangara ko kujera mai inji

Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Kujera mai inji tana burge baƙi ranar buɗewa, kuma a tsohon kwamin da ba a son fasawa ita ce mafita mafi sauƙi. Amma da batiri take aiki, ƙurar hunturu da tururin kulorin suna cin ta, kayan gyaranta daga waje ake shigo da su da dala. Ranar da ta tsaya, wurin ya rufe ga duk wanda ba ya iya taka matakala, sai a koma ɗaukar saurayi ɗan shekara goma sha bakwai cak kamar buhun gero a gaban sa'o'insa. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa. Kujerar kuma mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, alhali aji guda ne zai zo.

Gangara ba ta lalacewa. Matsalarta wuri: don a sauka santimita 75 sai an ba ta tsawon mita tara, ban da filin hutawa a ƙarshenta. A tsohon gini wannan ciwon kai ne, a sabon zane kuwa layi ne kawai a kan takarda. Kwami mai tsawon mita goma sha biyu yana iya ɗaukar gangarar a gefensa guda, da ƙarfen riƙo hagu da dama. A ɗaya gefen a yi matakala masu faɗi, gajeru, waɗanda mai tafiya da hannu zai zauna ya riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, da ɗan bango mai tsayin mazaunin keke wanda mai ƙarfin damtse zai ciccibo kansa ya hau ya juya ƙafafunsa cikin ruwa. Duk waɗannan siminti ne da ƙarfe, maginan Kano za su iya yin su in an tsaya a kansu da ma'auni. Ban ce a haramta na'urar ɗaga mutum ba. Akwai yaran da nakasarsu ta yi tsanani, ba sa iya zama a keke ba tallafi. A nema musu mai aiki da hannu ko da matsin ruwa, wadda makanike na gida zai iya kwancewa ya ɗaura.

Ɗumi, da lissafin da ke yanke hukunci

Ruwan gasa ana ajiye shi tsakanin maki 25 zuwa 28, domin ɗan wasa yana ƙona ƙarfi. Ruwan motsa jikin masu nakasa kuwa tsakanin 32 zuwa 35 ake so. Yaron da ba ya motsi da sauri sanyi yana kama shi nan da nan, sanyi yana ƙara sandarar da gaɓoɓi, kuma ga masu amosanin jini, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ruwan sanyi yana iya tayar da ciwo mai tsanani. Mutane suna ɗauka ƙasar zafi ba ta bukatar ɗumama ruwa. Duk wanda ya taɓa ruwan randa da asubar Janairu ya san ba haka ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana sanyi, iskar kuma busasshiya ce, busasshiyar iska kuwa ita ta fi saurin zuƙe ruwa, kuma ta wannan zuƙewar kwami yake asarar mafi yawan ɗuminsa.

Ga lissafin. Ɗaga zafin lita dubu na ruwa da maki ɗaya yana cin kimanin kilowat-awa 1.16. Kwamin gasar Olamfik, mita 50 da 25 da zurfin mita biyu, yana ɗaukar lita miliyan biyu da rabi. Ƙara masa maki takwas zai ci sama da kilowat-awa 23,000, ban da abin da zai riƙa zubarwa kowane dare. Kwami mai mita goma sha biyu da shida, zurfinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, lita dubu tamanin ne, maki takwas ɗin kuma ba su kai kilowat-awa 750 ba. Na farkon sai da dizal, kuma mun san ƙarshen duk aikin gwamnati da ya rataya a kan dizal. Na biyun, baƙaƙen bututu da aka shimfiɗa a kan rufi rana ta gasa su, da famfo mai aiki da sola, da murfin da ake ja a rufe ruwan da yamma, za su yi mafi yawan aikin. Murfin nan, duk da arharsa, ya fi kusan kowace na'ura a wurin muhimmanci.

Ƙanƙantar tana da wata fa'ida da ba a cika son faɗa a taro ba. Wasu yaran ba sa iya riƙe bayan gida. Akwai wandon iyo da aka yi domin haka, amma tsautsayi zai faru. Ƙwayar cutar gudawa ta kiriftosforidiyam tana iya yin kwanaki a cikin ruwa mai kulorin ba ta mutu ba. Lita dubu tamanin ana iya rufe su, a tace, a ƙara magani, in ta kama a zubar a sake cikawa daga rijiyar burtsatse. Lita miliyan biyu da rabi ba mai zubarwa, sai dai a yi shiru a ci gaba.

Wani zai ce to ina makomar gasa? Iyo yana cikin wasannin nakasassu tun gasar farko ta Rum a 1960, kuma Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu, mai ƙafa ɗaya, ta fafata da masu ƙafa biyu a tseren iyo na kilomita goma na Olamfik ɗin Beijin a 2008. Nijeriya, tun zuwanta na farko a Basilona a 1992, lambobinta daga ɗaga nauyi da guje-guje da ƙwallon tebur suka fito, sai badminton a Faris a 2024. Ba a iyo ba. Dalilin ba rashin damtse ba ne, duk wanda ya kalli ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro zai shaida haka. Zakara ba ya fitowa sai daga cikin ɗaruruwan yaran da suka saba da ruwa tun suna ƙanana, su kuwa a ƙaramin kwami ake samun su. In sun taso, manyan kwamin filayen wasa suna nan, a gyara musu mashiga.

Ido, kunne, fata, da sutura

Makaho yana bukatar tayil ɗin bakin kwami ya sha bamban da sauran a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarfen riƙo da zai bi tun daga ɗakin sauya kaya. Mai ragowar gani yana bukatar bakin kowace matakala ya kasance da launi mai ƙarfi. A gasa ana taɓa makaho da sanda mai laushin kai don ya san ya kusa bango, a nan ma za a iya. Kurma ba ya jin usur ɗin mai ceto, sai a haɗa da fitila ko tuta, mai ceton kuma ya iya 'yan alamun maganar hannu. Zabiya rana ce abokiyar gabarsa, don haka rufi ba ado ba ne. Mai farfaɗiya yana iya iyo muddin akwai mutum guda da idonsa ke kansa shi kaɗai, kuma ma'aikata su san yadda ake tallafe kan mai farfaɗiya a cikin ruwa har ta sake shi.

Sai batun da in an yi sakaci da shi rabin yaran ba za su taɓa ganin ruwan ba. Babu uban da zai bar 'yarsa budurwa ta shiga ruwa a inda maza za su hango ta, kuma yana da gaskiya a wurinsa. A ɗaga katanga, a duba ko akwai bene a maƙwabta, a ware ranakun mata da malamai mata da masu ceto mata, a amince da rigar iyo mai rufe jiki. Ɗakin sauya kaya ma yana da sarƙaƙiya: yaro ɗan shekara goma sha uku wanda mahaifiyarsa ce take sa masa kaya, ɓangaren maza za su shiga ko na mata? Amsar ita ce ɗakunan iyali biyu ko uku masu ƙofar kansu, da gado mai faɗi a ciki. Banɗakin ya haɗa da na zama da na tsuguno, da famfon buta ƙasa-ƙasa inda mai tafiya da hannu zai kai.

Waye zai riƙe wurin

Kwamin da aka gina shi kaɗai a fili, ba mai shi, makomarsa ta zama matattarar sauro. Ya fi dacewa a jingina shi da inda yaran suke da ma, kuma akwai ma'aikata masu albashi: makarantar masu bukata ta musamman irin ta Tudun Maliki, ko asibiti irin na ƙashi da ke Dala, ko jami'ar da ke horar da likitocin motsa jiki kamar Bayero, inda ɗalibai za su zama hannun da hanyar Halliwick take bukata. Wannan yana rage matsalar sufuri, wadda ita kaɗai tana iya kashe shirin, tunda keke mai ƙafa uku ba ya shiga adaidaita-sahu.

Aikin kullum ba shi da ƙayatarwa. Sai an auna kulorin sau da yawa a yini, a riƙe ma'aunin tsamin ruwa tsakanin 7.2 da 7.8, a wanke matatar yashi, a kwashe ƙurar hunturu. Ina ba da shawarar kada a sa hannu a kwangilar gini sai an ware kuɗin kula na shekara biyar a asusu na daban, an kuma horar da mutum biyu, ba ɗaya ba, a kan famfo da magani. Wurin yana iya neman wani abu da kansa: manya masu ciwon gwiwa da baya, da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, za su biya don awannin safe, kuɗin ya sayi kulorin. Haɗarin shi ne masu biya su cinye jadawalin kaɗan-kaɗan har yaran su koma baƙi a wurinsu. A rubuta awannin yara a cikin takardar kafa wurin, kuma a ba masu nakasa da iyayensu kujeru masu ƙuri'a a kwamitin gudanarwa, tun daga ranar da za a duba zanen farko, lokacin da matsar da ƙofa bai wuce goge layin fensir ba.